Ni Na Ce Masa Ya Zaro Buhun Tsakiya

Buhunan taki sun rufto wa mijina a siton wani Alhaji a kasuwar Maƙarfi, bayansa ya karye, yau kwana ashirin da uku ƙafafunsa ba su motsa ba, abin da mai siton ya kawo mana kuwa gwangwanin madara ne da ledar lemo. Da wannan na fara don kada wani ya karanta rabi ya ce bai gane inda na dosa ba.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, ba don ina tsoron kowa ba, sai don ina da 'ya'ya mata biyu a gidan miji, ba na son dangin mazajensu su samu abin taunawa a kansu. Don Allah ku ba ni shawara. Amma wanda ya san haƙuri zai ba ni ya riƙe abinsa, an kawo min shi har ba ni da wurin ajiyewa. Rubutuna kuma ku karɓe shi yadda ya zo, sai da na haifi 'ya'ya shida sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, da hannun da ya saba murza ƙuli na koyi riƙe biro, in kun ga na kauce ku gyara a zuciyarku ku wuce.

Muna zaune a wani ƙauye ta wajen Dandamisa. Maigidana, zan riƙa ce masa Malam, manomi ne, masara da rake da ɗan tumatir idan rani ya yi. Ni kuma ƙuli-ƙuli nake yi da man gyaɗa. Malam irin mutanen nan ne da ko mai shago ya manta bai ba shi canji ba, zai tsaya yana sosa ƙeya, ya dawo gida ya ce wataƙila shi ne bai ji farashin daidai ba. Ni ce bakin gidan, kowa ya sani, shi da kansa yakan ce Allah ya raba mana aiki, shi fartanya ni lasifika. Ban taɓa jin haushin wannan ba don gaskiya ce.

Alhajin mai sito abokinsa ne tun suna samari, tare suka yi saran rake a gonakin mutane ta wajen Kudan, daga baya Allah ya ɗaga ɗaya ya bar ɗaya inda yake. In suka haɗu Alhaji zai ce "Sarkin noma mai gona ɗaya da rabi," Malam ya ce "Alhajin buhu, yaushe za ka kai nauyin kayanka," don Alhajin siriri ne kamar sillen kara. Ni kuma "matarmu" yake ce min. Akwai abin da ya kamata ku sani game da siton nan, don a kansa maganar take. A bakin ƙofa akwai benci, duk mai sayen taki a nan yake tsayawa, ya biya, 'yan dako su shiga su ɗauko masa, abin da aka fito maka da shi shi ne rabonka. Amma in kai na gida ne, aboki ko suruki ko wani mai faɗa a ji, sai Alhaji ya ɗaga hannu ya ce "shiga ka zaɓa da kanka." Girmamawa ce. Malam yana cikin masu shiga, kuma yana ji da abin, duk shekara sai ya ba ni labari kamar an naɗa masa rawani.

Bara ya shiga ya zaɓa, kunya ta hana shi bincike, ya nuna na sama aka sauko masa da yuriya buhu biyu. Da muka farke baki sai muka tarar da dutse. Ashe rufin kwanon siton yana yoyo, ruwa ya taɓa na saman sun dunƙule. Na ce ya mayar, ya ce da wane ido zai kalli Alhaji da buhu a bayan babur. Ni na zauna na daka takin nan a turmi kwana biyu, tafin hannuna ya sale, turmin ma haƙura na yi da shi don ba zan sake daka abin ci a ciki ba, masarar kuwa da ta tashi goyonta kamar ɗan yatsa.

To bana, ranar kasuwa da safe yana goge babur, na tsaya a kansa na ce Malam, in ka sake kawo min dutse gidan nan kai za ka daka abinka. Na ce na sama ruwa ya taɓa shi, na ƙasa sanyin siminti ya kama shi, ka sa hannu ka zaro na tsakiya. Ya yi dariya ya ce "To 'yar boko, wannan ma a aji aka koya muku?" Na ce a turmi na koya. Ya tura babur zuwa zaure, na bi shi na sake faɗa. Ya tayar, na leƙo na ƙara faɗa. Ya juyo ya ce "Na ji, na tsakiya. Ki rage sauran muryar ta gobe." Haka ya fita da ƙafafunsa.

Ina cikin suyar ƙuli wajen azahar wani maƙwabcinmu da ya je kasuwa ya yi sallama ya ce kaya sun faɗo wa Malam. Na ce ya mutu? Ya ce a'a. Na ƙarasa tsame abin da ke cikin mai, na janye itace, na rufe kaskon saboda kaji, na sa hijabi. Ina gaya muku wannan ne don tun daga lokacin haka nake. Ban yi ihu ba, ban faɗi ba, har yau ɗigon hawaye bai fito min ba. Mata suna shigowa dubiya su yi ta sharɓar kuka, ni ce mai miƙa musu ruwa in ce su yi haƙuri. Na ji wata a bakin rijiya tana cewa zuciyata ta bushe. Wataƙila. Abinci ina ci don hannu yana kai shi baki, amma da za a zuba min ƙasa a miya ba zan bambance ba.

Ban same shi a asibiti ba. Da aka janye buhunan daga kansa, mutane sun kama shi hannu da ƙafa sun fito da shi, sun sheƙa masa ruwa, Alhaji ya sa aka kwantar da shi a bayan a-kori-kurarsa aka kai shi wurin wani mai ɗori. Kwana uku muka yi a can ana shafa ana ja ana tofi, fitsari ya ƙi fita, mararsa ta kumbura kamar an kifa ƙwarya. Sai ƙanena da ke aiki a sakatariya a Ikara ya zo, kallo ɗaya ya yi masa, ya ce wa mai ɗorin sannu da ƙoƙari, ya samo mota muka wuce babban asibiti a Zariya. Aka yi hoto. Likita ya ɗaga shi a haske ya nuna min inda ƙashin ya murƙushe ya danne laka. Ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Bai yi min alkawarin Malam zai taka ba, amma ya ce akwai sauran ji a babban yatsansa na ƙafar dama, wannan jin shi ake so a ceto, kuma duk makon da ya wuce ana rasa abin da ba ya dawowa. Kuɗin da suka faɗa, mun sayar da shanun huɗa, mun sayar da raken tun yana tsaye a gona, ba mu kai rabi ba. Muka dawo gida da robar fitsari da takardar magani. Kullum da safe ina tsikarar yatsan da tsinken tsintsiya in ce ka ji? Da farko yana cewa eh da sauri. Yanzu sai ya yi jim.

Don kada in ci haƙƙin Alhaji, shi ya sallami mai ɗori. Kuma muna Zariya ya aiko da buhu biyun da Malam ya biya, masu kyau, aka jingine su a zaure. Da na dawo na gan su na ce wa babban ɗana ya kai gona ya zuba, masara ba ta yi wa kowa laifi ba. Shi kansa Alhajin ba mu sake ganinsa ba sai a kwana na goma sha biyu, ya zo da liman da dattawan kasuwa biyu da madarar da lemon. Baffan yara, wato yayan Malam, shi ya tarbe su a zaure, ni ina daga ciki jikin ƙofa ina ji. Alhaji ya yi kuka, kuka na gaske har da majina, ya ce da shi abin ya faɗa wa da ya fi masa sauƙi. Sannan ya share fuska ya ce shi fa bai ce laifin kowa ba ne, amma shekara nawa yana jera kaya ba su taɓa faɗo wa mutum ba, kuma mai saye iyakarsa benci, wanda ya wuce benci ya zama ɗan gida, ɗan gida kuwa in ya yi tuntuɓe a tsakar gida ba a kai ƙarar maigida. Liman ya yi nasiha a kan ƙaddara. Baffa ya ce su sun yafe duniya da lahira, zumunci ya fi komai. Aka shafa fatiha.

A nan na ɗaga labule na shiga. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata, har gajiyar hanya na tambaye su, sannan na ce ina son in san bayan wa ya karye a cikinsu da har ya yafe. Baffa ya ce in koma ciki, maganar maza ce. Na ce kwasar kashi da juya mutum sau shida a yini ita ma ta maza ce? Don ban ga namijin da ya zo ya karɓe ni ba. Na ce Baffa, tun da aka kawo ƙanenka sau nawa ka ɗaga ƙafarsa ka ji nauyinta? Kuna ta zumunci zumunci, ai zumunta a ƙafa take, ga ƙafar can a kwance. Ya ce dama shi ya faɗa tun ranar da aka bar ni na rataya jaka na tafi makaranta da furfura a ka, ƙarshenta ke nan. Alhaji ya ce "Haba matarmu," na ce yau dai ba matarku ba ce, matar gurgu ce. Liman ya yi ta subhanallahi yana neman takalminsa. Suka tashi. Lemon yara suka sha, madarar tana nan ban fasa ba.

Bayan kwana biyu na ce bari in bi ta lalama, kada a ce ban gwada ba. Na ɗauki wayar Malam na kira Alhaji, na gaishe shi da gida da kasuwa, na faɗa masa abin da likita ya ce da abin da ya rage mana. Na ce ba diyya nake nema ba, a shiga da abokinka ɗakin tiyata kawai. Sai ya ce wallahi da son ransa ne da ya yi, amma an ba shi shawara, in ya biya kuɗin asibiti kamar ya amsa laifi ne, gobe duk wanda ya buga ƙafa a bakin sitonsa sai ya zo da takardar likita. Ya ce in bari ƙura ta lafa, bayan kaka zai ga abin da zai yi a matsayin taimako, ba a matsayin biya ba. Na ce laka ba ta san kaka ba. Ya ce ana kiran salla, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba.

A gari kuwa ni ce abin magana, ba shi ba. Rabin magidantan ƙauyenmu a wurinsa suke ɗaukar taki, kowa yana tsoron ranar da zai je a ce masa ai ku ne mutanen matar nan. Masu aiko yara sayen ƙuli sun ragu, wata ma ta aiko a gaya min man da ta saya ya yi ɗaci, man da take saye shekara da shekaru. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce ita ba alƙali ba ce, amma abin da ta sani haƙƙin rauni na wanda aka ji wa ne, in yana da rai da hankalinsa babu mai yafewa a madadinsa. Malam kuwa bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya juya fuska bango. In na kawo maganar sai ya ce in gyara masa filo.

Makon jiya na bar shi da babbar 'yata na shiga mota na je in ga siton da idona. Ban shiga ba, daga benci na leƙa. An mayar da buhunan yadda suke, a tsaye cak tun daga ƙasa har suna taɓa katakon rufi, ɗan lungu a tsakani wanda mutum ɗaya zai ratsa a karkace. Alhaji ba ya nan. Wani dattijo cikin 'yan dako ya gane ni, ya ja ni gefe wajen masu rake ya yi min jaje, ya ce "'Yata, abin da zan faɗa miki ban faɗa ba." Ya ce jerin taki ɗaure shi ake yi, sahu ɗaya a miƙe sahu ɗaya a gicciye, kamar yadda magini ke haɗa bulo, kowane buhu wasu biyu na danne da shi. Amma ɗauri yana cin lokaci kuma yana cin wuri, Alhaji kuwa so yake tirela ta sauke ta tafi da wuri, sito kuma ya ci kaya fiye da cikinsa, sai ya ce a riƙa ɗora su kai tsaye kamar faranti. Sun gaya masa, ya ce wanda ya gaji da dako ya koma gona. Daminar bara ma sahu guda ya zube ya lotsa sikeli, Allah ya sa babu kowa a ciki. Sai ya faɗi maganar da ta tsaya min, ya ce jerin da aka ɗaure, ko ƙato ya kama buhun tsakiya sai dai ya gaji ya bari, ba zai zaru ba, wanda ya zaru dama a sake yake. Kuma duk wanda aka ce wa shiga ka zaɓa tsakiya yake nufa, don kowa ya san halin rufin, Alhaji ma ya sani. Na ce Baba za ka faɗi haka a gaban alƙali? Ya yi wata dariya ya ce "In na faɗa, ke za ki riƙa auna min masara? A bakin ƙofar nan nake ci." Ban ga laifinsa ba.

Ƙanena ya kawo wani abokinsa lauya har gida. Mutumin kirki, ya cire takalmi ya zauna a tabarma ya yi min bayani da Hausa. Ya ce duk wanda ya buɗe wurin ciniki ya kira mutane ciki, wajibinsa ne kada kayansa su zama tarko, aboki ne ya shiga ko baƙo, kuma in aka tabbatar da sakaci ana iya sa shi ɗaukar magani har da diyya. Amma ya ce tambayar farko da za a yi ita ce, da kansu suka faɗo ko taɓa su aka yi. In taɓawa aka yi za a raba laifi, ana iya rage abin da za a ba mu, ana iya cewa ma shi ya jawo wa kansa. Ya ce babu wanda ya gani, 'yan dako duk suna waje suna lodin wata mota, Alhaji zato kawai yake yi. Ya tambaye ni ko Malam ya faɗa min yadda aka yi. Na ce zan tuna.

Ba tunawa zan yi ba, ban taɓa mantawa ba. Rana ta biyu a asibitin Zariya, da rana tsaka ina ba shi kunu a cokali, Malam ya dube ni ya ce "Na tsakiyan na zaro, yadda kika ce. Mai kyau ne kuwa, na ji shi a hannu, wara-wara yake, ko ɗan ƙulli babu." Ba da faɗa ya faɗa ba, ba gori ba ne, albishir yake min, kamar wanda aka aika kasuwa ya samo abin da aka ce. Na ce sha kununka. Ya sha.

Jiya bayan la'asar ƙanena ya dawo shi kaɗai ya ce lauya na jiran amsa, sai na gaya masa. Ya tashi ya leƙa waje ya dawo ya rage murya ya ce Yaya wa kika gaya wa, na ce kai ne na farko. Ya ce to ni ne na ƙarshe. Ya ce Malam zai ce yana tsaye yana duba kaya sai ya ji su a kansa, shi ke nan, kuma ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya tunda jerin a sake yake. Na ce in aka ɗora masa Alƙur'ani fa? Mutumin da alwala ma sai an yi masa, shi za ka sa ya rantse a kan rabin magana? Ya ce Alhajin da ya yi kuka da majina ya ɗora wa abokinsa laifi a zama ɗaya, shi da gaskiya ya zo? Ya ce ana ga yaƙi kina ga ƙura. Na ce ni dai ban iya ba, duk ƙasar nan an san ni da baƙar magana amma ba a san ni da ƙarya ba, ita kaɗai ce jarina. Ya ce to ki dafa ta ki ba shi ya ci ya miƙe. Da zai hau babur ya ce, "Bakinki ne ya kwantar da shi, yanzu kuma bakinki zai hana shi tashi." Na san ya kamata maganar ta yi min zafi. Na tsaya ina jira ta yi, ba ta yi ba, sai na je na kwashe shanya.

To jama'a ga inda nake. Na san ina da kaso a cikin abin nan, ba sai wani ya rubuto ya tuna min ba. Amma ni na bar rufin yana yoyo? Ni na ce a jera kaya kamar faranti? Ni na ɗaga hannu na ce shiga ka zaɓa? In mutum ya haƙa rami a ƙofar shagonsa, wata ta ce wa mijinta bi ta nan, ya faɗa, mai ramin ya fita ke nan? Masu ilimin addini ku gaya min, in laifi ya rabu uku, na mai kaya da na mai ja da na mai aike, haƙƙin faɗuwa yake ko kowa ɗaukar nasa yake? Kuma yafewar da Baffa ya yi a gaban liman tana ɗaure mu? Lauyoyin cikinku, in mun faɗi gaskiya duka, akwai abin da zai rage wanda zai kai mu ɗakin tiyata, ko shari'ar za ta ja har yatsan ya yi shiru? Akwai wanda ya taɓa kai irin wannan gaban sarkin kasuwa ya ga haske, ko su ma duk 'yan shiga ka zaɓa ne?

Maganar ƙanena dai na riga na yanke ta, gara in faɗa don kada ku ɓata yawunku a kanta. Yau Alhamis da safe, bayan na wanke Malam na juya shi, na shiga motar farko zuwa Maƙarfi na je kotun alƙali. Magatakarda ya ce in faɗa ya rubuta, na ce a ba ni takarda da biro. Na zauna a baranda na fi awa ɗaya. Na rubuta rufin, na rubuta jerin, na rubuta shiga ka zaɓa, na rubuta mai ɗori da abin da likita ya ce, ban sa sunan dattijon nan ba. Sannan na rubuta cewa Malam ya zaro buhu daga tsakiya, kuma ni matarsa ni na umarce shi, har sau uku. Magatakarda yana karantawa ya kai wurin, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce "Mama, wannan layin kin san abin da yake nufi?" Na ce ni na rubuta shi. Ya ce to, amma mai ƙara shi ne wanda aka ji wa rauni, sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa ya wakilta ni, in dawo da ita ranar Litinin.

Na tsaya a kasuwa na sayi tawadar dangwale, na dawo na zauna a bakin gado na karanta wa Malam tun daga bismillah har ƙasa. Na zaci a sunan Alhaji zai tsayar da ni, bai tsayar ba, ido kawai ya rufe. Sai da na kai ƙarshe ya juyo da fuska daga bango ya ce, "Duk na yarda, kawo in dangwala. Amma ki goge wurin da kika sa kanki. Hannuna ne ya ja buhu, ba bakinki ba." Na ce haka aka yi, haka zai zauna. Ya ce shi ba zai kai matarsa gaban alƙali ba, yana kwance tana kwashe masa fitsari. Na ce ni kuma ba gogewa zan yi ba. Ya ce to shi ma babu yatsa, ya tura hannun ƙarƙashin bargo.

Takardar tana kan akwati, tawadar tana kanta. Na san in na goge layin ba ƙarya na yi ba, jan buhun yana nan a rubuce, kuma shi ne abin da alƙali zai duba. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Don Allah ku gaya min kafin Litinin, in goge ko in bari?